Kyamarar roba a hannun ɗalibai: amsa ga malamar da ta tambaya daga Argungu

Wata malamar zane a makarantar sakandaren 'yan mata a Argungu ce ta aiko da tambayar. An ba ƙungiyar fasaha ta makarantarsu ɗan kuɗi, sai wani ya ba ta shawarar ta sayi kyamarorin roba masu cin fim, irin su Holga, ta koya wa ɗalibai ɗaukar hoto. Abokan aikinta sun ce ai wannan kayan wasan yara ne, tunda ga waya a kowane gida. Tana son ta ji ko abin zai yiwu a zafin Kabi, wace kyamara za ta saya, kuma ina za a wanke fim ɗin.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Na fara aikin hoto a Birnin Kebbi tun lokacin da ake wanke fim da hannu a ɗakin duhu, kuma shekarun nan na baya da irin wannan kyamarar nake koyar da matasa. Amsata a taƙaice ita ce ki saya, amma kaɗan. Guda uku ko huɗu sun ishi aji ɗaya. Sauran kuɗin ki adana su domin fim da maganin wanki, don nan ne nauyin yake. Kyamara sau ɗaya ake sayenta, fim kuwa kullum sai an ci.

Abokan aikinki ba su yi ƙarya ba da suka kira ta abin wasa. Diana, wadda ita ce babbar yayar irin waɗannan kyamarori, wani kamfanin roba ne a Hong Kong mai suna Great Wall Plastic Factory ya riƙa ƙera ta a shekarun 1960, ana raba ta kamar tukuici. Holga ta biyo baya a farkon shekarun 1980, ita ma daga Hong Kong, an yi ta ne domin talakan ƙasar Sin ya samu abin ɗaukar hoton iyalinsa da araha. Amma tun zamanin Diana wasu makarantun hoto a Amurka, ciki har da Jami'ar Ohio, suka riƙa ɗora ta a hannun sababbin ɗalibai da gangan. Kuma ɗan jaridar nan David Burnett da Holga ya ɗauki hoton Al Gore lokacin yaƙin neman zaɓen shugaban Amurka na 2000, hoton da ya ci masa lambar yabo. Ki gaya musu wannan, in sun sake magana.

Ga abin da ke cikin Holga 120N, wadda ita nake ba ki shawara. Idonta na roba ne, guda ɗaya tak, mai tsawon milimita 60. Shata, wato ƙyauren da ke buɗewa ya bar haske ya shiga ya rufe, gudunsa ɗaya ne, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kuma waya ce mai tsalle ke jan sa, ba batir. Akwai wani ɗan maɓalli mai hoton rana da gajimare da aka ce yana sauya faɗin ƙofar haske, amma bambancin da yake kawowa kaɗan ne, a tsofaffin samfura ma ba ya yin komai. Tana cin fim mai lamba 120, wanda Kodak ta fito da shi tun 1901, naɗi ɗaya hoto 12 masu kusurwa huɗu daidai, ko 16 in an sa ƙaramin firam. Iyakarta ke nan.

To me ya sa nake koyarwa da abin da ba shi da komai? Domin waya tana gyara wa yarinya kuskurenta kafin ma ta san ta yi shi. In wuri ya yi duhu waya ta ƙara haske, in fuska ta yi nisa ta nemo ta, in hannu ya girgiza ta daidaita. Yarinya za ta ɗauki hoto dubu ba ta taɓa tsayawa ta kalli inda haske ya faɗo ba. Kyamarar roba ba ta iya bin haske, dole mai riƙe da ita ce za ta bi shi. Tunda ba abin da za ki murɗa, abu uku ne suka rage a hannunki: inda kika tsaya, lokacin da kika zo, da ƙiftawar da kika danna. Waɗannan ukun su ne sana'ar hoto, ko da kyamarar miliyoyi mutum yake aiki. Na sha ganin yaron da ya yi wata biyu da Holga ya koma kan wayarsa, hotunansa sun canza sarai, alhali wayar ita ce dai ta da.

Saboda haka darasin farko ba na ba kowa kyamara. Ina neman ɗaki mai taga ɗaya, mu toshe ta da kwali da baƙar leda, mu toshe ƙasan ƙofa da bargo, sannan mu huda rami a kwalin kamar faɗin kwabo. A zauna shiru minti biyar ido ya saba. Sai ka ga tsakar makaranta ta bayyana a bango, bishiya kai ƙasa, masu wucewa suna tafiya a kife. Duk ajin da na yi wa wannan sai an yi salati. A nan nake gaya musu cewa Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi bayanin wannan a littafinsa Kitab al-Manazir shekara dubu da suka wuce. Kyamarar da za su riƙe wannan ɗakin ne aka ƙanƙanta, fim kuma shi ne bangon.

Sai maganar rana, kuma a nan nake so ki ɗan tsaya, don yawancin shawarar da za ki gani a intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta ta. Za su ce ki sa fim mai ISO 400 a Holga kullum (ISO ita ce lambar da ke nuna saurin fim wajen shan haske, mai babbar lamba ya fi saurin sha). Daidai ne a Ingila, inda gajimare ke rufe sama. A wurinmu, tsakar rana a watan Maris, fim mai ISO 100 shi ne daidai da gudun ƙyauren Holga da faɗin ƙofarta. In kika sa mai 400 a wannan rana, ya sha haske ninki huɗu zuwa takwas na abin da yake bukata. Fim baƙi da fari yana da haƙuri, hoton zai fito, amma farar riga da farin rawani za su toshe su zama fari fat ba zare ba lanƙwasa. A inuwar darbejiya ko bakin zaure kuwa, mai 400 ɗin ne zai cece ki, mai 100 zai fito da duhu. A cikin ɗaki babu wanda zai yi aiki sai an juya maɓallin ƙasa zuwa B, wanda ke barin ƙyaure a buɗe muddin yatsa na kai, an kuma ɗora kyamarar bisa tebur ko kifaffen turmi don kada ta motsa.

Abin da nake yi shi ne in liƙa wa kowace kyamara takarda: wannan ta rana ce, wannan ta inuwa. Ta rana in sa mata Fomapan 100 ko Ilford FP4 Plus, ta inuwa in sa mata Ilford HP5 Plus ko Kentmere 400. Kafin ɗaliba ta ɗauki kyamara sai ta faɗa mini wacce take so da dalili. Wannan tambayar kaɗai ta koya musu duban haske fiye da duk bayanin da zan yi a allo. Kuma ki kiyaye su da hoton mutum tsakanin walaha da azahar a fili, lokacin da rana ke bisa kai ido ya faɗa rami. Hantsi da la'asar sakaliya su ne namu. Mafi daɗin haske a shekara kuwa shi ne na hazon hunturu, wanda ke tace rana ya shimfiɗa ta a fuska ba inuwa mai kaifi. In da hali ki tsara zangon ɗaukar hoto ya faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu.

Wajen nisa, a jikin idon Holga akwai zane huɗu: mutum ɗaya, mutum uku, taron jama'a, da dutse. Ma'anarsu kusan mita 1, mita 2, mita 6, da mita 10 zuwa iyakar gani. Yara ba sa ganin mita da ido, amma sun san kamu da gaba da taki. Mutum ɗaya kamu biyu ne da ɗan ɗori, mutum uku gaba ɗaya da ɗan ƙari, taro kuwa kamar taki takwas. Ki sa kowace ta auna nata. Ƙasa da kamu biyu hoto ba zai taɓa fitowa tsaf ba. Tagar leƙe kuma daban take da idon kyamara, shi ya sa ake iya ɗauke naɗi guda da murfi a rufe ba a sani ba. Ni ranar farko nake tattara murafan in sa a aljihu.

Akwai masu son Holga saboda aibinta: duhun da ke taruwa a kusurwoyi, gefen hoto da ke dushewa, da yoyon haske da ke zana ja ko fari a kan fim. Na biyun farko ina son su, domin suna jan ido zuwa tsakiya, kuma ɗaliba za ta iya saninsu ta yi aiki da su. Yoyon haske kuwa ban yarda a koya wa mai koyo cewa fasaha ne ba. Abin da ba ki nufa ba, ba ki kuma iya maimaitawa, ba naki ba ne. Yarinyar da ta jira mako biyu ta ga fuskar kakarta, ta tarar farin tabo ya cinye ta, ba za ki ce mata ta yi murna ba. Ki sayi baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, a bi duk gefen murfin baya da shi bayan an sa fim. Jar tagar da ake duba lambar hoto ita ma a rufe ta, a ɗaga kawai lokacin naɗawa, a inuwar jiki. Maɓallin B a liƙe shi a kan N, wato gudun ƙyaure na kullum, don yana gocewa da kansa. Ƙarafan gefe biyu da ke riƙe murfi su ne kuma maɗaurin igiyar wuya, ja kaɗan sai su zame. Haka ya taɓa faruwa da wani ɗalibina a bakin kogin Matan Fada, murfi ya faɗi, rabin naɗin ya ƙone, ya yi kwanaki yana jin ciwon abin. Tun daga ranar nake ɗaure kowace kyamara da robali biyu. Ki kuma cusa ɗan guntun kwali a ƙarƙashin kwarkwaron fim don ya naɗu da ƙarfi, in ba haka ba haske zai shiga ta gefe lokacin cirewa. Sawa da cirewa duk a inuwa. Kwarkwaron da ya rage fanko kada a yar, shi ne zai karɓi naɗi na gaba.

Holga ba ta hana ki danna sau biyu a gurbi ɗaya. Ki kafa doka: an danna, a naɗa nan take. Daga baya, in sun ƙware, su haɗa hoto biyu da niyya.

Yanzu wanki, wanda shi ne ainihin tambayarki. Kada ki dogara da cewa za ki aika fim wani gari. Ki wanke da kanki, kuma baƙi da fari kawai. Ba kya bukatar ɗakin duhu: baƙar jaka mai hannu biyu, tankin wanki irin na Paterson, ma'aunin zafi, kofin awo, da sirinji daga kemis. A cikin jakar ake zare fim daga takardarsa a naɗa shi a faifan da ke cikin tanki, da lalube. Da an rufe tanki sauran aikin a fili ake yi. Ki sadaukar da naɗi ɗaya su yi ta gwaji da shi a haske, sannan ido rufe, kafin su taɓa na gaske. A lokacin zafi hannu na yin gumi a cikin jakar, fim ya manne ya ƙi shiga, don haka da sassafe ake wannan aikin, da busasshen hannu.

Magani biyu ne. Na farko, dibelofa, shi ke fito da hoto. Na biyu, fiksa, shi ke wanke azurfar da haske bai taɓa ba don hoton ya zauna. A dibelofa ina ba ki shawarar Rodinal, wanda ake yi tun 1891, ana kuma sayar da shi da sunan R09. Dalilina shi ne yana jure ajiya, kwalba buɗaɗɗiya kan yi shekaru ba ta mutu ba, abin da sauran ba sa yi a yanayinmu. Naɗin 120 yana bukatar ruwa mililita 500. In kika haɗa kashi 1 cikin 50, mililita 10 ke nan, kwalbar rabin lita za ta wanke naɗi 50.

Matsalarmu ita ce duk lokutan da aka rubuta a kwali an auna su ne a kan ruwa mai zafin digiri 20. HP5 Plus a wannan haɗin minti 11 ne a digiri 20. Mu kuwa a Afrilu iska kan haura digiri 40, ruwan tankin bisa rufi kuma sai ka ce an ɗora shi a murhu. Ruwa mai zafi yana sa magani ya yi gaggawa, hoto ya yi kauri da tsakuwa, fatar fim ɗin ma ta yi laushi ta kwaile. Ba sai kin kai 20 ba. Ki nemi 24, ki rage lokaci da kusan kashi goma cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya, minti 11 ya dawo tsakanin 7 da 8. Kada dai ya gaza minti 5, don wanki ba zai yi daidai ko'ina ba. Ruwan randa da ya kwana shi ne mafarinki, ki sirka shi da fiya wata mai sanyi har ma'auni ya nuna abin da kike so, ki tsoma tankin a roba mai irin wannan ruwan tsakanin juyi da juyi. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne dibelofa da ruwan ɗauraya da fiksa duk zafinsu ya zo kusa da juna. Daga sanyi zuwa zafi farat ɗaya yana sa fuskar fim ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani.

Fiksa mai sauri ana haɗa shi kashi 1 da ruwa 4, minti 2 zuwa 5, kuma ana maimaita amfani da shi. Don ki san ko yana da sauran rai, ki jefa guntun fim a ciki ki ƙirga lokacin da ya ɗauka ya zama garai, ki ninka shi biyu. Wanda ya gaji yana ɗauke da azurfa, kada a zuba shi kusa da rijiya ko gulbi. A sa safar hannu, a rubuta suna a kowace kwalba, kuma kada a taɓa zuba magani a kwalbar lemo. Ɗauraya ta ƙarshe ba ta cin ruwa in aka bi hanyar da Ilford ta koyar: a cika tanki a kifa shi sau 5 a zubar, a sake cikawa sau 10, a sake sau 20. Lita ɗaya da rabi ta gama.

Za ki ji labarin wanke fim da garin kofi da sodar wanki da bitamin C. Gaskiya ne yana aiki, kuma yara suna jin daɗinsa ƙwarai, amma ki bar shi sai zango na biyu. Shi ma dole sai da fiksa.

Hazon da ke gyara mana haske shi ne kuma ke ɓata mana fim wajen shanya. Jiƙaƙƙen fim duk ƙurar da ta sauka a kansa ta zauna ke nan. Ki yayyafa ruwa a ƙasan makewayi mai ƙofa, ki jira ƙura ta kwanta, ki rataye fim da maƙalin shanya sama da ƙasa, ki rufe, kada kowa ya shiga sai bayan awa biyu. Fim ɗin da ba a yi amfani da shi ba a ajiye shi a firji cikin roba mai murfi, in babu tsayayyar wuta a ɗaki mafi sanyi kusa da randa. In an fito da shi daga firji a bar shi ya huce kafin a buɗe ledarsa. Wanda aka ɗauka kuma a wanke shi da wuri. In wani zai taho miki da fim ta jirgi, ya riƙe shi a hannu ya roƙi a duba da ido, domin sababbin na'urorin binciken kaya suna ƙona shi.

Daga nagetif, wato wankakken fim da fari ya fito baƙi baƙi ya fito fari, zuwa hoto hanya biyu ce. Mai sauƙi ita ce a ɗora shi kan farin haske, a ɗauka da waya, a juya baƙi ya koma fari. A nan waya ta yi rana. Wadda na fi so kuwa ita ce bugun shuɗi da John Herschel ya gano a 1842. Ana jiƙa giram 25 na ferric ammonium citrate a ruwa mililita 100, giram 10 na potassium ferricyanide a wani mililita 100, a haɗa su daidai wa daida a shafa wa takarda mai kauri a ɗaki mara hasken rana. In ta bushe ƙayau a ɗora nagetif, a danne da gilashi, a kai rana 'yan mintoci, a wanke da ruwa zalla. Hoton zai fito shuɗi kamar zanen da ya fito daga marina. Nagetif ɗin Holga ya kusa santimita 6 kowane gefe, ya isa a kalla a tafin hannu ba tare da an faɗaɗa shi ba. Wannan na cikin dalilan da na fifita ta kan kyamarorin roba masu fim ɗin milimita 35, irin Kodak M35 ko Ilford Sprite 35-II. In kuɗi ya yi ƙaranci sosai su ma za su yi, naɗi ɗaya hoto 36, amma yawan nan yana rage wa yara nutsuwa. Da Holga nakan raba naɗi tsakanin ɗalibai uku, kowacce hoto huɗu, kuma kafin ta danna sai ta rubuta a littafi: lokaci, inda rana take, nisa, da abin da take fata ya fito. Ranar wanki a ajiye littafin kusa da nagetif a gwada.

Na san zuciyarki tana kan bikin kamun kifi, kuma da gaskiyarki: biki ne da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016. Amma daga bakin gaɓa idon Holga zai mayar da masunta kamar tururuwa, ga turmutsutsu, ga ƙura. Ki kai su wurin masunci yana ɗinkin homarsa a ƙofar gida, gorarsa a gefe, inda za a iya tsayawa gaba ɗaya daga gare shi. Ki kai su gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, su nemi izini su gwada B a kan bakan gizon soro.

Sannan ɗalibanki suna da abin da ni ban taɓa samu ba a duk shekaruna na wannan aiki. Iyakata zaure. Su kuwa suna shiga har ƙuryar gida, inda ake sussukar shinkafa, inda ake kitso, inda tsohuwa ke kaɗa mazari, kuma ba wanda zai gyara zama don ya gan su da 'yar roba a hannu. Ki rubuta wa iyaye takarda tun farko ki bayyana musu abin da ake yi. Ki koya wa yaran su nemi izini kafin su ɗaga kyamara, wanda ya ce a'a a ƙyale shi ba gardama, hoton matan gida kuma kada ya hau intanet sai da yardarsu da ta masu gidan. Duk wanda aka ɗauka a kai masa nasa bugun.

Kafin ki tsaya gaban aji, ki ɗauki naɗi biyu da kanki, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, ki wanke su. Ki ɗaga su a taga ki ɗauko mini hotonsu da waya, tare da zafin ruwan da mintocin da kika ba su, zan gaya miki abin da za ki ƙara ko ki rage.